Ƙarar da Ba a Rubuta a Rasit Ba

Wannan makon ni aka ba filin, kuma zancen mashin na zo da shi.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, unguwarmu ta GRA a Katsina ta sake kama. Gidajen da a da mota kaɗai ke fitowa daga get ɗinsu, yanzu da safe sai ka ga maigida ya turo mashin, ya ɗaure jakar aiki a kariya, ya nufi sakatariya. Motar tana ciki an lulluɓe ta da tamfal, sai Juma'a ko ranar ɗaurin aure. Yawancinmu mun iya tuƙi tun muna samari a kan mashinan yayyenmu, amma sayen sabo dal da kuɗin aljihu wani abu ne daban. Ni nawa sai da na haɗa kwasar adashe da bashin ƙungiyar ma'aikata, kuɗin ya haura naira miliyan ɗaya.

Wanda bai taɓa saye ba zai ɗauka mashin a tsaye yake zuwa. A kwali yake zuwa. A gabanka yara za su farke kwalin, su ɗaura tayar gaba da kai da madubai, su duba baƙin mai, su tayar. Alhajin shagon ya rubuta mini rasit mai lambar inji da lambar bodi, ya miƙo wata leda mai sifanu biyu da ɗan littafi na Turanci, ya ce, "Malam, in ka ji wata matsala ka dawo, ai mun zama ɗaya." Iyakar garantin da na ji da kunnena ke nan. Ba a faɗi wata nawa ba, ba a faɗi wace irin matsala ba.

Mitar ta nuna kilomita ɗari uku da 'yan kai lokacin da ƙarar ta fara. Ina ganin da a cikin gari nake zaune da ban ji ta da wuri ba, domin tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa ko salansarka ta faɗi sai wani ya taɓa ka za ka sani. Amma layukan GRA bayan sallar asuba tsit suke, daga kai sai inuwar bedi da kukan kurciya. A nan na ji wani abu ƙarƙashin ƙugin injin, kamar ana jan sarƙar wuya a kan faranti. In na murɗa mai ta ɓace, in na saki ta dawo.

Maƙwabta kowa ya ba da fatawarsa. Wani ya ce sabon inji haka yake, sai ya saba. Wani ya ce man da na sha ne. Wani kuwa ya girgiza kai ya ce kwanrod ne, in fara neman kuɗi. Babu wanda ya tambaye ni yadda ƙarar take.

Wanda ya tambaya wani dattijon bakanike ne da ke aiki a gindin bishiya a hanyar shiga gari. Na ce, "Baba, injin ne ke ƙara." Ya ce, "Malam, duk inji yana ƙara. Wacce iri?" Bai taɓa mashin ɗin ba sai da ya gama da ni: daga sama take ko daga ƙasa, da sanyi ko in ya yi zafi, in ana hawan tudu ko in an saki mai, tana bin gudun inji ko gudun taya. Sannan ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a kan injin, ya manna ƙotar a kunnensa, yana matsar da ita wuri zuwa wuri kamar likita a ƙirjin yaro.

A wurinsa na gane cewa kowace cuta ta inji da kalmarta. Ƙas-ƙas-ƙas siririya daga can saman kai, kamar keken ɗinki, yawanci bawul ne: tazarar da ake bari tsakaninsa da abin da ke danna shi ta yi yawa. A irin waɗannan ƙananan injina tazarar ba ta wuce kaurin gashin kai ba, wajen milimita 0.05, kuma da sanyi ake saita ta. Ya ce shi bawul mai ɗan surutu bai cika damunsa ba, wanda aka matse ya yi shiru shi ne abin tsoro, don ba ya rufewa sosai, zafi ya cinye shi. Kwankwasa mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal, wadda ke ƙaruwa in an ɗauki kaya, ita ce ta kwanrod, kuma mai ita ba a ce masa ya ƙarasa gida. Fistan mai wasa a cikin silinda da sanyin safiya ya fi ƙara, in ya ɗumama ya lafa. Tas-tas ɗin da salansa ke yi bayan an kashe inji kuwa ƙarfe ne ke hucewa, ba komai. Sau da yawa ma, in ji shi, abin da ke hana mutane barci noti ne ɗaya da yaran haɗi ba su ɗaure ba a murfin sarƙa.

Na tuna littattafanmu. Nawa ne a cikinmu suka rubuta "motar ta yi wata irin ƙara ta tsaya" suka wuce? Ga mutumin da bai taɓa shiga ajin adabi ba yana rarrabe ƙas-ƙas da caka-caka da ƙwal-ƙwal, kuma tsakanin kalma da kalma akwai bambancin dubban nairori.

Tawa ya ce caka-caka ce, daga gefen da sarƙar cikin inji take, wadda suke kira taimin cen. Ita ke haɗa juyawar ƙasa da buɗewar bawul a sama, kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke danne ta don kada ta yi sako-sako. In ya yi rauni sarƙar ta riƙa dukan bango. In aka ƙyale ta, wata rana ta tsallake haƙori, fistan ya haɗu da bawul, sabon inji ya zama na kwance.

Na ce to a gyara. Sai ya mayar da sukundirebar cikin akwati. "Malam, aikin minti talatin ne, kuma ina son kuɗin. Amma in na sa sifana a notin nan, ka tashi daga mai sabon mashin ka koma mai mashin da aka taɓa. Gobe in abin ya fi haka, za su nuna maka shatar sifanata." Ya ce in ɗauki ƙarar a waya da sanyi da zafi, in ɗauki hoton mita, in tura mashin ɗin a hankali zuwa inda na saya.

Gaskiyarsa. Da na zauna da ɗan littafin nan da daddare, sharuɗɗan suna ciki: a yi juye na farko a kan lokaci, a wurin da suka amince, a buga hatimi, kada wani na waje ya buɗe inji. Shafin da dila zai cike ya sa hatimi kuwa fari fat yake. Na tambayi mutum huɗu a layinmu masu sabbin mashina, babu wanda aka cike wa nasa, biyu ma ba su san inda ledar take ba. A ganina nan ne ainihin ramin yake. Mun saba da ciniki na amana, kuma amanar tana aiki in abin ƙarami ne. Amma "mun zama ɗaya" ba ta da ranar farawa balle ta ƙarewa, kuma idan magana ta kai ga sabon inji, kowa zai tuna ta yadda ta fi masa sauƙi.

Akwai kuma doka, ko da yake a bakin shago ba a cika jin sunanta ba. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. A cikinta, kayan da aka sayar maka dole su kasance masu inganci marasa aibi, kuma in suka gaza kana da wata uku daga ranar da ka karɓa ka mayar, mai sayarwa ya gyara ko ya musanya ko ya dawo da kuɗi. Wannan haƙƙin bai jira hatimin kowa ba. Abin da yake bukata shi ne rasit mai kwanan wata.

Da na koma, Alhaji ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka tayar, ya saurara a cikin hayaniyar titi ya ce, "Ai lafiya lau yake, sabo ne, zai daina." Ban yi gardama ba, ban kuma ambaci doka ba, don mutum ne mai girma kuma a gaban yaransa muke. Na ce, "Alhaji, taimin cen ne ke caka-caka in an saki mai, ga shi na ɗauka da asuba." Na kunna masa wayar. Ya saurara sau biyu, fuskarsa ta canza, ya ƙwala wa bakanikensu kira. Na lura da cewa kalmar ce ta yi aiki kafin wayar: mai cewa "yana wata ƙara" lallashinsa ake yi, mai faɗin sunan ƙarar kuwa sai a duba.

A gabana aka kwance. Sifirin ɗan ƙarfen ya saki, da yatsa ma ana tura shi ya ƙi dawowa. Aka tsiyaye baƙin man a faranti muka duba a rana: akwai ɗan ƙyalli kamar garin kwalli, wanda ba a rasa shi a juyen farko, amma babu ɓarɓashin ƙarfe. Alhaji ya ciro sabo daga shago bai karɓi ko sisi ba. Kuɗin mai da na hannun yaron ni na biya, ko da yake ina da ta cewa a kan na biyun.

Kafin in tafi na fito da littafin na ce a cike shafin. Aka yi ta neman hatimi, daga ƙarshe aka same shi a cikin durowa ƙarƙashin tsofaffin rasitai, tawadarsa ta bushe, sai da aka ɗiga masa ruwa. Alhaji yana bugawa yana dariya, ya ce tun da ya buɗe shagon ni ne na uku da ya taɓa tambaya.