Abin da Na Koya a Garejin Kawuna Game da Fitilar Mota



Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin mota mai ido ɗaya da daddare. Daga nesa sai ka ɗauka babur ne, sai ta matso ka ga ashe mota ce ta cika hanya. Mai tsallaka titi a irin wannan lokaci Allah ne kaɗai zai kiyaye shi. Shi ya sa nake so in gaya muku abin da nake koya a garejin kawuna mai gyaran wayar mota, inda nake zuwa ran Asabar da lokacin hutu.

Kawu ba ya ɗaukar sukudireba sai ya yi tambaya: fitila ɗaya ce ta mutu ko biyu? In ɗaya ce, yawanci ƙwan ne ya ƙone. Sai a ciro shi a ɗaga a rana, za a ga siririn zaren ciki ya tsinke ko gilashin ya yi baƙi. In kuwa biyu ne suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce sun ƙone tare, sai a koma kan abin da ya haɗa su, wato fis ko makunni.

Kowane fis da launinsa. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, to akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Wasu sukan ɗaure fis da guntun waya don su huta da saye. Kawu ya ce mai yin haka gobara yake gayyata, domin fis yana ƙonewa ne don kada wayar motar ta ƙone.

Aikina shi ne in zauna a kujerar direba in taka birki, Kawu yana baya yana kallon danja. A motoci da yawa ƙwan baya zare biyu gare shi, ɗaya wat 5 na hasken dare, ɗaya wat 21 na birki. Saboda haka fitila tana iya ci da dare, amma a taka birki ba ta ƙara haske, direba kuma bai sani ba. Ita sigina ta fi sauƙi. In ka ji tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, yawanci ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen.

Gyaran da ya fi burge ni na wani direban haya ne. Ya riga ya sayi sababbin ƙwai har biyu a wani wuri, amma da ya taka birki ya sa sigina, sai duk fitilun baya su riƙa lumshewa tare. Kawu ya sa tasta, ya ga wutar batir tana zuwa lafiya. Sai ya ce, "Ɗana, wuta ta zo, amma ta ina za ta koma?" Nan na tuna darasin da malaminmu na kimiyya ya yi mana, cewa lantarki ba ya aiki sai ya zagaya ya koma inda ya fito. A mota, ƙarfen jikinta ne hanyar komawa batir. Ashe tsatsa ce ta ci wurin da aka ɗaure wayar a jikin motar. Kawu ya kankare wurin da samfefa, ya ɗaure noti, komai ya dawo daidai. Direban ya ce, "Oga, dama iya abin ke nan?"

Ina roƙon 'yan uwana mu gaya wa iyayenmu da yayyenmu masu mota su riƙa duba fitila kafin tafiyar dare. Ko babu mai taimako, a juya bayan mota ga bango, a taka birki, a duba ko ja ya haska ta gefe biyu. Kada a jira sai jami'an kiyaye haɗurra sun tsayar da mutum a hanya. Ƙwan fitila ba shi da tsada, rai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Daga ɗalibi, aji biyu na ƙaramar sakandare