Kashi 51 da Aka Yi Mini Tayi a Atlanta

Shekara huɗu ke nan da wani Bature da nake yi wa lissafin haraji a birnin Atlanta ya gayyace ni cin abincin rana. Kamfaninsa na harhaɗa bututun ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki ne, kuma ya gaje shi daga mahaifinsa. Muna cikin cin abinci ya kawo maganar da ta tara mu. Yana so mu buɗe sabon kamfani, a rubuta cewa kashi 51 cikin 100 nawa ne. Jari nasa, motoci nasa, ma'aikata nasa. Nawa kawai in sa hannu, in riƙa halartar taro idan an kira, a ƙarshen shekara a yanka mini rabona. Dalilinsa bai ɓoye ba: akwai kwangilolin da ake ba kamfanonin baƙar fata da na mata fifiko a cikinsu, kuma kafin a lissafa kamfani a wannan rukuni, dole fiye da rabinsa ya zama mallakarsu.

Ban ce masa a'a ba a ranar. Na nemi ya ba ni mako guda. Ba zan yaudari mai karatu ba, raina ya biya. Ina da ƙanne uku a makaranta a Zariya, rufin gidanmu kuma yana yoyo tun damina biyu da suka wuce.

Na zo Amurka karatu a 2009, na kuma zo da wani ra'ayi da yawancinmu 'yan Afirka muke ɗauke da shi a aljihu, ko da ba mu furta ba. Muna ganin baƙaƙen fatar Amurka a matsayin mutanen da aka haifa a tsakiyar arziki amma suka zauna suna ƙorafi. Mukan ce ga mu nan mun zo da akwati ɗaya, cikin shekara goma mun sayi gida, su me ya hana su? Na daɗe ina faɗin haka a majalisar 'yan uwa bayan sallar Juma'a, ana gyaɗa mini kai.

Wanda ya fara rage mini wannan girman kai wani dattijo ne mai aikin wutar lantarki, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka ba ni amanar littattafan kuɗinsu. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini ɗana. Wata Asabar ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni Titin Auburn, inda aka haifi Martin Luther King a 1929. Ni abin da na sani game da titin ke nan. Baba ya nuna mini cewa kafin ya zama wurin ziyarar 'yan yawon buɗe ido, kasuwa ce. A nan kamfanin inshora na Atlanta Life ya yi hedikwata, wanda Alonzo Herndon ya kafa a 1905. Mutumin da aka haifa bawa a 1858, ya tara jarinsa da askin gashin Turawa. A nan kuma bankin Citizens Trust, da aka buɗe a 1921, ya riƙa ba baƙar fata rancen da sauran bankuna suka hana su. A 1956 mujallar Fortune ta bayyana titin a matsayin titin baƙar fata mafi arziki a duniya. Sai Baba ya ɗaga hannu ya nuna mini babbar hanyar mota da ta ratsa ta saman kanmu. An zana ta ne ta bi ta tsakiyar unguwar, ta raba ta biyu, aka rushe gidaje da shaguna. Ya ce, "Ɗana, ka ce ba mu iya kasuwanci ba. Ga inda muka yi shi, ga kuma abin da aka ɗora a kansa."

Daga bakinsa na fara jin labarin Maynard Jackson, daga baya na bi na karanta. An zaɓi Jackson magajin garin Atlanta a 1973, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, yana ɗan shekara 35. A lokacin kusan rabin mazauna birnin baƙaƙe ne, suna biyan haraji kamar kowa, amma abin da kamfanoninsu ke samu daga kwangilolin birnin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ana shirin gina sabon ginin filin jirgin sama, aiki mafi girma da birnin ya taɓa tunkara. Jackson ya kafe cewa kashi 25 na aikin sai ya shiga hannun kamfanonin tsiraru, ko dai kai tsaye ko ta haɗin gwiwa da manyan kamfanonin Turawa. Attajiran birnin suka yi ca a kansa, suka ce zai lalata aikin da marasa ƙwarewa. Ya gwammace a jinkirta ginin da a yi shi bisa tsohon tsari. Ya kuma matsa wa bankunan da ke ajiye kuɗin birnin lamba cewa su ba baƙar fata da mata manyan muƙamai, in ba haka ba a kwashe ajiyar. Aka buɗe ginin a 1980, kan lokaci, ba tare da an zarce kasafi ba. Cikin shekara biyar na mulkinsa rabon tsiraru a kwangilolin birnin ya kusa kashi 39. Bayan rasuwarsa a 2003 aka ƙara sunansa a na filin jirgin, shi ya sa ake ce masa Hartsfield-Jackson.

Baba yana cikin waɗanda suka ja waya a wannan gini. Daga nan ya bar aikin albashi ya buɗe nasa kamfani, har ya kai yana biyan mutum goma sha biyu.

Amma ni da na riƙe littattafansa na san inda labarin ya tsaya, kuma nan ne nake ganin masu yabon Atlanta ba sa son daɗewa. Cikin fiye da shekara talatin Baba bai taɓa zama babban ɗan kwangila ba. Kullum a ƙarƙashin wani yake karɓar yanki. Ba don bai iya aiki ba. Kafin a ba ka babban aikin gwamnati a ƙasar nan, sai wani kamfanin lamuni ya tsaya maka cewa idan ka kasa, shi zai biya. Shi kuma mai lamunin ba hannunka yake dubawa ba, dukiyarka yake dubawa: nawa ke asusunka, me ka mallaka, wane banki ke bayanka. Sannan dole ka biya ma'aikata duk mako, ka sayi kaya, alhali kuɗin aikin kan yi wata biyu ko uku kafin su iso. Mai wannan numfashi sai mai jingina. Jinginar da yawa daga cikin ƙananan 'yan kasuwa a Amurka gidansu ne, gidan Baba kuwa yana unguwar da aka daɗe ana karya wa daraja. A 1988 jaridar Atlanta Journal-Constitution ta wallafa binciken Bill Dedman, wanda ya nuna bankunan birnin suna ba unguwannin Turawa rancen gida kusan ninki biyar na abin da suke ba unguwannin baƙar fata masu irin wannan samu. Wannan fa shekara goma sha biyar bayan zaɓen Jackson. Ko a 2022, alƙaluman Babban Bankin Amurka sun nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta gidan baƙar fata kuma kimanin dala 45,000.

To, mutumin da ya gayyace ni cin abinci ya fara kasuwanci ne da kamfanin mahaifinsa, da gidan mahaifinsa, da manajan bankin da ya san mahaifinsa. Baba ya fara da akwatin kayan aiki. Doka ta iya buɗe wa Baba ƙofar neman kwangila, amma ba ta ba shi abin da zai ajiye a gaban mai lamuni ba. Shi ya sa tsarin ya fitar da manyan attajirai kaɗan, irin su Herman Russell mai kamfanin gine-gine, waɗanda dama sun ɗan tsaya da ƙafafunsu, ya bar dubbai a matakin da ya same su. Ita kanta dokar ba ta zauna lafiya ba. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta soke tsarin birnin Richmond na ware kashi 30, ta ce sai birni ya kawo hujjar wariyar da aka yi a kasuwarsa kafin ya ware wa wani rukuni kaso. Tun daga nan ake ta ja-in-ja a kotuna.

A cikin wannan ɗan abin da ya rage ne ake so in shiga in zama hoto. Mu 'yan Najeriya bai kamata wannan dabara ta zama baƙuwa a gare mu ba. Bayan dokar 1972 da ta mayar da wasu kamfanoni hannun 'yan ƙasa, an sha ganin sunan ɗan gida a kan takarda, baƙo kuma yana nan a kujerarsa yana juya komai.

Na kai wa Baba maganar a daren Laraba, ina fatan ya ce mini kowa ma haka yake yi. Ya saurare ni har na gama. Sai ya tambaye ni ko kakana ya taɓa zuwa banki a Jojiya aka kore shi. Na ce a'a. Ya tambaye ni ko an taɓa rushe shagon mahaifina don a yi hanya. Na ce a'a. Ya ce, "Fatarka irin tawa ce, kuma ba na baƙin ciki idan ka buɗe kamfaninka na gaskiya ka nema, ɗan sanda ma ba ya tambayar inda aka haife ka kafin ya tsayar da kai. Amma wannan da kake faɗa, ba kai za ka ci kwangilar ba. Shi zai ci, da fuskarka. Wadda za a hana kuma 'yata ce, don ita ma ta nema."

Ban san 'yarsa ta nemi aikin ba. Ita ke riƙe da kamfanin tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi.

Washegari na kira mutumin na ce ba zan iya ba. Bai yi fushi ba, ya ce ya fahimta. A ƙarshen watan ya kwashe littattafansa ya kai wa wani akanta, kuma shi ne mafi tsoka a cikin masu ba ni aiki. Rufin gidanmu sai da ya ƙara damina guda yana yoyo. Na ji daga baya cewa ya sami wanda ya sa masa hannu, ɗan wata ƙasa maƙwabciyarmu.

'Yar Baba ba ta sami wancan aikin ba. Abin da muka yi ni da ita tun daga lokacin ba shi da armashin ba da labari. Mun shafe shekara biyu muna gyara lissafin kamfanin yadda mai lamuni ke son ganinsa, muna barin riba a asusu maimakon a raba, muna bin bashin da manyan 'yan kwangila suka riƙe mata. A bara aka amince a tsaya mata, a kan adadin da bai kai rubu'in abin da muka nema ba. Da shi ta karɓi aikin sauya wayoyin wata ƙaramar makaranta, karo na farko da sunan kamfanin ya hau saman takardar kwangila. Baba ya sa aka kai shi wurin a mota, ya zauna a kujera a bakin ƙofa yana gaya wa yaran cewa sun ɗaure wayar da ƙarfi fiye da kima.