Minsharin Baffa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Disina, cikin ƙasar Shira, ya san minsharin Baffa. Da bazara, in zafi ya koro kowa tsakar gida, mukan kwanta bisa tabarma muna saurare: ya ja, ya ja, sai ɗif, kamar an toshe bakin tulu. Can kuma ya fizgo numfashi har ya zabura. Mu yara dariya muke yi. Inna, matarsa, ba ta taɓa taya mu ba. In shirun ya yi tsawo sai ta taɓa ƙafarsa ta ce, "Malam, gyara kwanciya."

Baffa tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya dawo ba tabon harsashi ko ɗaya. Da rana kuwa gyangyaɗi ne aikinsa, a zaure, a kasuwa, har wurin sauraron huɗuba. Mutanen gari suka yanke masa hukunci: ragwanci ne.

Sai da muka girma muka gane ashe cuta ce. Maƙogwaro ke rufewa cikin barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye. Likitoci kan kwantar da mutum dare guda, su manna masa wayoyi, su ƙirga sau nawa hakan ke faruwa cikin awa: daga 5 cutar ta tabbata, 30 kuwa ta yi tsanani. A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta yi wa cutar ma'aunin diyya a 1996: kashi 30 cikin 100 ga mai fama da barcin rana, kashi 50 ga wanda sai da na'urar hura iska yake kwana, 100 ga wanda numfashinsa ya gaza. Amma sai an nuna alaƙarta da aikin soja, kuma ba za mu rantse cewa yaƙi ne ya jawo wa Baffa tasa ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, can ana karɓar rubutacciyar shaidar matar soja, domin mai barci ba ya jin kansa.

Mun taɓa raka shi wurin tantance 'yan fansho. Tun asuba muka bi ta Azare. Da layi ya zo kansa, sai da muka tashe shi daga kan benci. Jami'in ya dube shi ya ce, "Baba, akwai wani rauni?" Baffa ya shafa ƙirji, ya ce, "Alhamdu lillahi, lafiyata lau." Aka rubuta haka. Inna tana gida, ba wanda ya yi tunanin a zo da ita, har mu.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Da muka je gida da Sallah, Inna ta ce mana har yanzu, in dare ya yi tsit, takan farka ta miƙa hannu.