Kujerar da wani ya bari

A Gumel da Maigatari, har Gagarawa da Sule Tankarkar, da yawa sai sun sayar da riɗi ko bijimin da suka kiwata kafin su ajiye kuɗin kujerar Makka. Daga nan sai jira.

A 2020 da 2021 annobar korona ta hana maniyyata daga waje shiga Saudiyya. Wasu suka karɓi kuɗinsu, wasu suka bar shi a hannun hukuma. Da aka buɗe a 2022, kujerun da Najeriya ta samu ba su kai rabin 95,000 da aka saba ba. A 2024 kuma darajar naira ta faɗi, hukumar alhazai ta ƙasa ta nemi cikon kusan naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Manomin da ya riga ya sayar da amfaninsa ina zai samo?

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne kujerar ƙurarren lokaci. Wanda ya same ta murna yake, mu ma muna taya shi, amma sai da wani ya kasa cikawa, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu. Mukan ce kira ne bai zo ba, kuma haka ne. Duk da haka, kafin ka biya, tambayi sharaɗin fasawa, a rubuta maka.