Faifai Ba Ya Son Gaggawa

Mai sha'awar sauraron faifan garmaho a gida yakan zaci da ya sayi injin shi ke nan. Ina! Sautin da allura ke ɗaukowa ba shi da ƙarfi, sai wata ƙaramar na'ura ta ɗaga shi kafin ya isa lasifika.

Ga kuma batun gudu. Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33⅓ a minti, ƙaramin kuwa sau 45.

Wanda ya gaji fayafayan Shata ko Ɗan Maraya Jos, babban aikinsa adana ne: ƙurar hunturu tana dusashe sauti, zafin bazara yana lanƙwasa faifai. A tsaye ake jera su, nesa da rana.