Ranar da layi ɗaya ya share min hotunan bikin mutane

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Gaya, muna buga takardu da wanke hotuna. Don rage wa kaina aiki na rubuta wani fayil na .bat mai share tarkacen cikin folda, na ajiye shi a D:. Layi ɗaya ne a cikinsa:

del /q %1\*

Shi %1 ɗin nan yana ɗaukar sunan foldar da ka jawo ka ɗora a kan fayil ɗin.

Rannan wani bawan Allah daga Ajingi ya kawo hotunan bikin ƙanwarsa a memori. Na kwashe su na zube a D: haka nan ba folda, shi kuma ya ce in goge memorin zai zuba karatu. Da yamma, cikin sauri, na danna fayil ɗina sau biyu ban ɗora masa komai ba. %1 ya tashi fanko, umarnin ya koma del /q \* wato share duk fayilolin da ke saman D:. Kuma abin da del ya share ba ya zuwa Recycle Bin. Wallahi sai da gumi ya karyo min. Da Recuva na dawo da yawancinsu, sauran kuwa haƙuri na ba shi, kaina a ƙasa.

Tun ranar, kowane fayil nawa da waɗannan layuka yake farawa:

if "%~1"=="" exit /b 1
if not exist "%~1\" exit /b 1

Na farko yana tsayar da aiki in ba a ba shi komai ba, na biyu in foldar babu ita.

Sannan kullum ina rufe sunan da alamar " gaba da baya: del /q "%~1\*". In babu su, suna mai tazara kamar Hotunan Biki rabewa biyu yake yi. Ita kuma alamar & raba umarni take, don haka in kana so ta fito a rubutu, sa mata ^ a gaba: echo Biki ^& Suna. Alamar % kuwa a cikin .bat sau biyu ake rubuta ta: %%.

Kafin ka saki del, fara sa echo a gabansa ka ga abin da zai aikata. Masu Termux a waya, ku ma ku riƙa rubuta "$1" da alamominsa, don rm ma ba ya mayar da abin da ya share. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.