Butar Ƙarfe: Ranar da Baba ya ce sai na yi masa bayani da Hausa

Ranar da na shigo gida da ketilbel, Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma wannan wace irin buta ce, ba baki ba murfi?" Tun daga nan sunanta a gidanmu butar ƙarfe.

A Mancesta aka haife ni, kuma Hausata, kamar ta da yawanmu, ta gaisuwa ce da ta kicin. Da na ce zan shiga gasa, ga jarrabawa ta matso, sai Baba ya ce shirme ne. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in zauna in fahimtar da shi wasan da Hausa zalla, in na kasa in haƙura. Wallahi kwana uku na yi ina haɗa kalmomi. Ga abin da na kai masa, ko zai amfani mai son farawa.

Wasan daga Rasha ya fito, can suna kiran butar girya. Asalinta ma'aunin hatsi ce a kasuwa, ana lissafinta da fud, wato kilo 16 da 'yan kai. Shi ya sa nauyin da aka fi sani su ne kilo 16, 24 da 32. Butocin gasa duk girmansu ɗaya, launi ke bambanta su: rawaya 16, kore 24, ja 32.

Ɗagawa iri uku ce. Jak, na ce masa "turi": buta biyu a ƙirji, ka ɗan durƙusa ka tura su sama da ƙarfin ƙafa. Sinach, "fizga": buta ɗaya, daga tsakanin ƙafafu zuwa saman kai a tashi guda, kuma sau ɗaya tak ake canja hannu. Sai lon saikul, "dogon zagaye": kowane karo ka sauke butocin tsakanin ƙafafu, ka dawo da su ƙirji, sannan ka tura. In aka haɗa turi da fizga a gasa ɗaya, shi ne bayatilon.

Akwai rak, "mazauni", inda butocin ke zama a ƙirji, gwiwar hannu ta jingina da ƙugu, nan kake samun numfashi. Akwai "kulle", wato hannu da gwiwa su miƙe sosai. Sai "tsayawa cik", butar ta daina motsi a sama kafin ka sauke. In babu waɗannan biyun, alƙali ba zai ƙirga ba. Minti 10 ake bayarwa, kuma da ka ajiye a ƙasa, naka ya ƙare.

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ba ƙarfi ba ne, haƙuri ne." Ya yarda, har ya ce zai zo.

Ranar gasa na shafa alli a hannu, na ɗauki rawaya biyu, dogon zagaye. Minti biyar na farko lafiya lau. Daga nan na fara gaggawa, alƙali ya ƙi ƙirga mini har sau shida a jere. Hannuna ya sage, zuciyata na ce mini ajiye kawai. Sai na ji murya daga bayan zauren, cikin Turawa fal: "Tsaya cik, yaro! Kulle!" Kalmomin da na ƙirƙira a ɗakina ne Baba yake jefo mini. Na koma mazauni, na ja numfashi uku, na ci gaba har ƙararrawa ta buga.

Ban ci komai ba, na biyun ƙarshe na zo. A mota Baba ya ce "fizga" ta yi daidai, amma "turi" bai gamsar da shi ba, "cilli" ya fi. Har yau muna musu a kai. To ku fa, me za ku kira ta? Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.